Yadda ake haɗa na'urar ƙirga zagaye ta tseren motocin rimot da kuɗi kaɗan

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili da agogon waya a hannu yana ƙirga wa motocin rimot zagaye ya san inda abin ke lalacewa. Mota ɗaya ba matsala. Biyu ma a daure. Da sun kai biyar, biyu jajaye ne, ɗaya ta kife an ruga tayar da ita, sai ka ga mai ƙirga ya bar rubutu ya koma kallo, a ƙarshe gardama ta fi tseren tsawo. Shi wannan tsere ba kamar na dawaki ba ne da za a ce wa ya fara isa. Lokaci ake yankewa, galibi minti 5 ga motoci masu batir, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. In biyu sun yi kunnen doki a yawan zagaye, sai a duba wanda ya kammala nasa na ƙarshe da wuri. Saboda haka zagaye ɗaya tak da ya kuɓuce wa mai ƙirga ya isa ya mayar da na ɗaya na huɗu.

Manyan filaye sun daɗe da raba wannan gardama. Galibinsu na'urar kamfanin MYLAPS na ƙasar Holan suke amfani da ita, wanda a da ake kira AMB, kuma a kan motocin rimot ɗin ya faro aikinsa a 1982 kafin ya kai ga manyan motoci. Ana shimfiɗa waya ta kewaye faɗin hanya a layin gamawa, kowace mota tana ɗauke da 'yar na'ura da ake kira tiransifonda mai aika lambarta ta hanyar maganaɗisu, dikoda kuma ta karɓa ta rubuta lokaci. Ba ruwanta da rana, ba ruwanta da laka. Sai dai dikodar kaɗai dalar Amurka dubbai ce, kowace tiransifonda kuma ta kusa dala ɗari. Abokai shida masu haɗuwa ranar Asabar a farfajiyar makaranta ba nasu ba ne wannan.

Ƙasa da ita akwai masu aiki da hasken infirared, irin wanda rimot ɗin talabijin ke fitarwa ido ba ya gani: I-Lap, Trackmate, Robitronic, da LapMonitor mai magana da waya ta Bluetooth. In kana da halin saye kuma ba ka son taɓa dalma, ɗauki ɗaya daga cikinsu ka huta. In kuwa kana son ka haɗa da hannunka, irin tasu za mu yi, domin kayanta ne suka fi araha, kuma in ta lalace kai ne makanikinta.

Kafin nan bari in rage maka wahala a kan hanyoyi uku da kowa ke fara tunani. Hasken leza da aka gitta a hanya yana aiki sarai in kai kaɗai kake atisaye, amma bai san mota ba, abin da ya gitta kawai ya sani, ko da ƙafar yaro ce. Ƙaramin allon RFID mai suna RC522 da ke cike a kasuwa santimita kaɗan yake iya karantawa, sai an kusa manna masa katin, motar da ke gudu kuwa ba za ta tsaya gaisuwa ba. GPS na waya sau ɗaya yake faɗin wuri a sakan, kuskurensa kuma mitoci ne, alhali duk faɗin hanyar bai wuce mita biyu ba.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Auna lokaci ba shi ne aikin ba, kowane ƙaramin allon lantarki ya iya wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne gane wace mota ce ta wuce a cikin ƙiftawar ido. Motar da ke gudun kilomita 36 a awa tana cin mita 10 a sakan. In idon na'urarka yana ganin santimita 33 na hanya, motar za ta shiga ta fita cikin milisakan 33, wato kashi 33 cikin dubu na sakan. A ɗan wannan tsakanin dole ta faɗi sunanta cikakke, a kuma ji shi.

Nan ne masu kwafar manhajar rimot ɗin talabijin ke faɗuwa. Tsarin NEC, wanda rimot da yawa ke bi, saƙonsa ɗaya yana cin milisakan 67 da rabi. Kafin a gama sallama motar ta yi nisa. Dole mu tsara namu gajeren saƙo, kuma duk wani zaɓi da za ka gani a ƙasa, daga tsayin gadar da za mu kafa a kan hanya don ɗaukar idanun karɓa zuwa wurin kafa ta, wannan lissafin ne ya haife shi.

Kayan da za ka tanada

Kowace mota tana buƙatar IC ɗaya ATtiny85 mai ƙafa takwas, ƙwan LED na infirared mai nanomita 940 (TSAL6200 ya dace), resista mai om 100, regileta AMS1117 ta volt 3.3, kafasita mai maikrofarad 10 guda biyu da ƙarama mai lamba 104 guda ɗaya, sai wayar sabo (servo, ɗan injin da ke juya sitiyari) mai kai uku irin wadda ake sokawa a risibar mota, wato akwatin da ke karɓar umarnin rimot, da ɗan guntun allon haɗi.

Gada kuma tana buƙatar allon ESP32 ɗaya, idanun karɓa TSOP38238 guda shida in faɗin hanyarka mita ɗaya da rabi ne (ido ɗaya a kowane santimita 25), kowane ido da resista om 100 da kafasita 104 nasa, kebul ɗin intanet mai wayoyi takwas, bututun roba na famfo, kwatar roba irin wadda ake ɓoye wayar lantarki a jikin bango, baƙin fenti marar sheƙi, ƙaramar buza, da fawa banki. Sai USBasp don loda wa ATtiny manhaja. In kana da Arduino Uno a ajiye shi ma yana yin aikin.

Ƙwan LED kana iya cire shi daga mataccen rimot, ba laifi. Amma idon karɓa kada ka ciro shi daga tsohuwar talabijin ko dikoda, domin wasu na kilohaz 36 ne, wasu 40, mu kuwa na 38 muke so, kuma ba lallai a rubuta a jiki ba. Sayi sababbi iri ɗaya. Akwai VS1838B mai arhar gaske, ƙafafunsa jere ɗaya ne da na TSOP, ya isa gwaji a kan tebur, amma a fili na fi natsuwa da na asali.

Me ya sa ESP32 ba Arduino Uno ba? Uno ƙafa biyu kawai yake da su, ta 2 da ta 3, masu katse aiki kai tsaye in saƙo ya shigo, mu kuwa shida muke so. Sannan agogon da ke tafiyar da shi ba kiristal ba ne, yana iya kaucewa har rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wanda a zagayen sakan 20 ya kai kashi ɗaya cikin goma na sakan. ESP32 yana da kiristal, kusan duk ƙafafunsa suna katse aiki, ga kuma Wi-Fi a jikinsa.

Mataki na farko: tsara saƙon

Idon TSOP38238 ba kowane haske yake kulawa ba, sai wanda ke ƙyaftawa sau 38,000 a sakan. Kuma yana son kowane walƙiya ya kai aƙalla ƙyaftawa goma, a ba shi hutu a tsakani. Hasken da ya zo ba yankewa, ɗaukarsa yake hayaniya ya toshe kunne. Mun zaɓi maikrosakan 320 a matsayin ma'auni, wato ƙyaftawa 12.

Saƙon zai fara da sallama: haske na maikrosakan 960, duhu na 320. Sai alamomi biyar su biyo. Kowace alama haske ne na 320, in sifili ce duhun da ke bin ta 320 ne, in ɗaya ce 640. Huɗun farko su ne lambar mota a lissafin sifili da ɗaya, abin da ya ba ka lamba 1 zuwa 15 (bar sifili, kada ka ba kowa). Ta biyar mai gadi ce: ana sa ta yadda adadin ɗaya-ɗaya a saƙon zai zama cika, ba mara ba. In alama guda ta gurɓace a hanya, lissafin ba zai fita ba, sai a watsar da saƙon. A rufe da haske na 320. Duka-duka milisakan 5.4 ne zuwa 6 da 'yan kai.

Bayan kowane saƙo motar ta yi shiru na milisakan 5 zuwa 12, kuma tsawon shirun ya riƙa canzawa kamar ƙuri'a. Wannan ba ado ba ne. In motoci biyu suka shigo kafaɗa da kafaɗa suna magana lokaci guda da tazara iri ɗaya, za su yi ta taka maganar juna har su fice ba a ji ko ɗaya ba. In tazarar tana canzawa, karo ɗaya za su yi, na biyu kowa ya sami fili.

Mataki na biyu: haɗa 'yar na'urar mota

Wutar da risibar mota ke bayarwa volt 5 zuwa 6 ce, wasu ma 7.4, ATtiny85 kuwa iyakarsa 5.5. Kada ka soka shi kai tsaye. Jar wayar sabo ta shiga regileta, baƙa ko ruwan ƙasa ta tafi ƙasa, ta ukun mai ɗaukar umarni ka yanke ta, ba ta da aiki a nan. Sa kafasita mai 10 ɗaya a mashigar regileta, ɗaya a mafita. Volt 3.3 da ta fito ta tafi ƙafa ta 8 ta ATtiny, ƙafa ta 4 ƙasa, 'yar 104 kuma ta zauna tsakaninsu daf da jikin IC ɗin. Daga ƙafa ta 5 a ja resista om 100 zuwa doguwar ƙafar LED, gajerar ta koma ƙasa. Wannan zai ba ƙwan kimanin miliamfa 20, ya wadatar ga tazarar da ba ta kai rabin mita ba. Kada ka ƙara masa ƙarfi da sunan inganci. Hasken da ya yi yawa bango da ƙasa yake duka ya dawo, sai a rubuta motar tun tana nesa da layi.

A manhajar Arduino IDE ka saka ATTinyCore, ka zaɓi ATtiny85 da agogon ciki na megahaz 8, sannan ka danna Burn Bootloader sau ɗaya kafin ka loda komai. Kowane sabon ATtiny85 a kan megahaz 1 yake fitowa daga masana'anta. Ni kaina na taɓa kwana biyu ina zargin idanun karɓa, ina canza resista, ashe wannan dannawar ce na tsallake a kan guda uku daga cikin shida, suna ta magana a hankali sau takwas ba mai jin yarensu.

Layukan da ke samar da ƙyaftawar su ne waɗannan:

```
TIMSK  = 0;
PORTB  = 0;
TCCR0A = (1 << COM0A0) | (1 << WGM01);
TCCR0B = (1 << CS00);
OCR0A  = 104;
```

Lamba 104 daga rabo ta fito: miliyan 8 a raba da 210 ya ba da 38,095, wanda ya yi kusa ƙwarai. Kunna haske shi ne `DDRB |= 1;` kashewa kuma `DDRB &= ~1;`. Tunda mun ƙwace agogon ciki don wannan aiki, `delay` da `millis` sun daina aiki, sai dai `delayMicroseconds`, da shi za ka auna kowane haske da duhu. Shirun tsakanin saƙonni ka samo shi da `random(5000, 12000)`, ka kuma ba `randomSeed` lambar motar, don kada duk motocin su riƙa fitar da ƙuri'a iri ɗaya. Lambar mota layi ɗaya ce a saman manhajar, kana canza ta kafin ka loda wa kowace. Rubuta lambar da maka a jikin allon nan take, domin in suka cakuɗe a aljihu ba ka da hanyar gane su da ido.

Gwajin farko da kyamarar waya ne. Haska ƙwan a kyamarar gaba, za ka ga ɗan haske mai ruwan shunayya. Wasu wayoyin suna tace shi a kyamarar baya, shi ya sa na ce ta gaba. In ya yi, rufe allon da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, ka bar ƙwan a waje.

A cikin mota ƙwan ya kalli sama sak. Gangar jikin motocin nan roba ce garau da ake fentawa daga ciki, hasken yana ratsa inda ba fenti amma fenti mai kauri yana tare shi. Ajiye shi ƙarƙashin gilashin gaba, ko ka huda ɗan rami a rufi. Manna allon da tef mai gam gefe biyu, kuma duk motoci su sa shi wuri ɗaya. Wanda ya kai nasa hancin mota ya ci santimita goma sha a kan wanda ya bar nasa a tsakiya, a tseren da aka kammala daf da daf kuwa wannan magana ce.

Mataki na uku: gada

Haɗa bututun famfo ya zama ƙofa: ƙafa biyu da sanda a sama, tsayinta santimita 45 daga ƙasa in motocin kan kwalta ne. Ƙafafun su fita wajen hanya, ka kare su da tsohuwar taya ko buhun yashi, don ba makawa wata rana wani zai dake su.

A ƙarƙashin sandar ka ɗaure kwatar roba bakinta yana kallon ƙasa, ka shafe cikinta da baƙin fenti. Idanun za su zauna can cikin ƙuryarta. Dalili shi ne idon TSOP yana iya jin rimot daga mita da yawa, mu kuwa so muke ya makance ga komai sai abin da ke ƙarƙashinsa. Kwata ta fi a sa wa kowane ido bututu nasa, domin tana matse gani ta gaba da baya amma tana barinsa a buɗe ta gefe da gefe, yadda ganin ido ɗaya zai haɗe da na maƙwabcinsa ba a bar rami a tsakani ba. In faɗin bakin kwatar santimita 2 da rabi ne, idon kuma yana santimita 3 daga bakin, motar da ƙwanta ke santimita 40 a ƙasa za a gan ta a tsawon kimanin santimita 33. Ƙara zurfi ganin ya ragu, rage zurfi ya ƙaru.

In ka riƙe TSOP38238 kumburin yana kallonka ƙafafu a ƙasa, ta hagu ce mafitar saƙo, ta tsakiya ƙasa, ta dama wuta. Wutar volt 3.3 daga ESP32 ta bi ta resista om 100 kafin ta shiga kowane ido, 104 kuma tsakanin wuta da ƙasa daf da shi. Kebul ɗin intanet ya zo daidai: biyu na wuta da ƙasa, shida na saƙo. Kai su ƙafafun 25, 26, 27, 32, 33 da 34 na ESP32. Akwatin allon ya zauna a kan sandar ko jikin ƙafar gada, kada wayoyin su yi tsawon banza.

Sai wurin kafawa, kuma nan mutane suka fi kuskure, domin kowa so yake layin gamawa ya kasance tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya inda gudu ya fi burgewa. Koma kan lissafi. Saƙo da shirunsa mafi tsawo milisakan 18 ne, in motar ta shigo an riga an fara saƙo sai ta jira na gaba, don haka sai ta yi milisakan 24 a ƙarƙashin ido kafin a tabbatar an ji cikakke ɗaya. A gudun mita 10 a sakan tana da 33, ta tsira da ƙyar. A mita 20 a sakan tana da 16, wata rana a ji ta wata rana a rasa. A mita 5 tana da 66, za a ji ta sau uku ko huɗu. Kafa gadar jim kaɗan bayan kwana mai tsauri, inda motoci suka miƙe amma ba su gama ɗaukar wuta ba. Ka kuma tabbata wani ɓangaren hanyar bai ratso kusa da ita ba.

Mataki na huɗu: manhajar gada

Mafitar ido tana sama in ba haske, tana faɗuwa ƙasa in haske ya zo. Kada ka auna tsawon hasken kansa, domin idon yana ƙara masa ko ya rage gwargwadon ƙarfinsa. Auna daga faɗuwa zuwa faɗuwa ta gaba. Da haka sifili zai zama maikrosakan 640, ɗaya 960, sallama 1,280. Ba su sarari: 500 zuwa 800 sifili, 800 zuwa 1,120 ɗaya, 1,120 zuwa 1,450 sallama. Duk abin da ya fita wannan iyaka a share, a koma jiran sallama. Sararin ya isa ya shanye bambancin agogon ATtiny ɗaya da wani.

Kowane ido ya kasance da nasa lissafin daban. In ka haɗe wayoyin shida wuri ɗaya don sauƙi, motar da ke gefen hagu za ta ɓata saƙon ta gefen dama alhali ba ido ɗaya ke ganinsu ba. Aikin da ke amsa katsewa ya zama gajere, a sa masa `IRAM_ATTR`, ya ɗauki lokaci da `esp_timer_get_time`, in saƙo ya cika mai gadi ya yarda sai ya jefa lambar mota da lokacin sallama a layin jira. Sauran aiki a bar wa babban zagayen manhaja.

Can kuma dokoki huɗu ne. Lambar da ba a yi wa rajista a wannan tseren ba a watsar. Mota in ta wuce, a tattara duk saƙonninta daga kowane ido har a yi milisakan 150 ba a sake jin ta ba, sannan a ɗauki tsakiyar lokacin farko da na ƙarshe a matsayin lokacin ƙetarawa. Wannan ya fi ɗaukar na farko adalci, don mai ƙwai mai ƙarfi ana fara jin sa da wuri amma kuma ana daɗewa ana jin sa. A ajiye adadin saƙonnin da aka ji a kowane wucewa, in ɗaya ne tak a ƙirga shi amma a sa masa alamar tambaya. Ta huɗu, a sa mafi ƙarancin lokacin zagaye: in gwanin filinku yana yi a sakan 15, duk wucewar da ta zo ƙasa da sakan 10 bayan ta baya ba zagaye ba ce, mota ce ta juya a ƙarƙashin gada ko wani ya ɗauko ta a hannu.

Don nuna sakamako, sa ESP32 ya buɗe Wi-Fi nasa. Duk wayar da ta shiga ta rubuta 192.168.4.1 a burauza za ta ga jadawali: lamba, suna, yawan zagaye, na ƙarshe, mafi kyau, jimillar lokaci, yana sabunta kansa kowane sakan. Ba a buƙatar data. Hasali ma kashe datar ya fi, don wasu wayoyin in suka ga Wi-Fi ba intanet sai su sulale su koma layinsu. Sa maɓallin farawa a shafin, buza ta yi ƙara, agogo ya tashi. In lokaci ya cika kada a rufe nan take, kowace mota sai ta ƙarasa zagayen da take ciki, wucewarta ta gaba ita ce ta ƙarshe.

Lambobi biyu bayan ɗigo za ka nuna, 15.42, ba uku ba. Tunda motar ba kullum take magana ba, lokacin da aka rubuta yana iya kaucewa da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ko sama da haka kaɗan. Lamba ta uku ƙarya ce mai kyan gani, kuma za ta haifar da gardamar da ka gina na'urar don kashewa.

Mataki na biyar: gwaji

Fara da hannu. Kunna mota ɗaya, tura ta a hankali zuwa gada, ka ja layi da alli inda aka fara jin ta da inda aka daina. Maimaita a gefen hagu, tsakiya, gefen dama, da daidai tsakanin kowane ido biyu. In ka sami wurin da ba a ji, matso da idanun ko ka ƙara ɗaya. In ana jin ta tun daga mita guda, ko kwatar ba ta da zurfi ko hasken yana dawowa daga farin siminti. Shimfiɗa baƙar roba ko tsohon kafet mai duhu a ƙarƙashin gadar.

Sai gudu. Mota ɗaya ta yi zagaye 50, mutum yana ƙirgawa da hannu, ka duba adadin saƙonni a kowane wucewa. Uku zuwa sama shi ake so. In kana yawan ganin ɗaya da biyu, ja gadar kusa da kwana ko ka rage zurfin kwata. Daga nan ɗaure motoci biyu gefe da gefe a kan faifan katako, ka ja su da igiya su wuce tare sau ashirin, dukansu su fito kowane karo. Wanda ke son tabbatar da lokacin kansa ya ɗauki bidiyo mai hoto 240 a sakan, kowane hoto milisakan 4 ne da ɗoriya, ya ƙirga tsakanin wucewa biyu ya gwada da abin da na'ura ta rubuta.

Yi gwajin a lokacin da kuke tsere, ba da dare a ɗaki ba. Rana cike take da infirared. Da tsakar rana ba ta cika damuwa ba tunda idanun ƙasa suke kallo, ta hantsi da ta la'asar ce ke shigowa a karkace ta rage musu ji. Don rage wannan, a ɗora wa sandar 'yar rumfar kwali mai faɗin taku guda. A cikin ɗaki kuma fitilar fuloresan da ke daf da gada tana iya kawo hayaniya.

Ranar tsere

Kafin a fara kowa ya wuce da motarsa ƙarƙashin gada a ga lambarsa ta fito da sunansa. Wurin ajiye motoci da gyara ya yi nesa da ita. A zagayen neman gurbi, saki motoci ɗaya bayan ɗaya, agogon kowace ya fara daga wucewarta ta farko, yadda ake yi a gasannin IFMAR, ƙungiyar tseren motocin rimot ta duniya. A na ƙarshe kuwa a jera su, agogo ɗaya ya tashi da ƙarar buza. Tanadi wurin gyara da hannu a shafin: in wanda ke yin sakan 16 ya fito da 32 kuma kowa ya ga bai kife ba, an rasa wucewa ɗaya ne, a raba shi biyu a gaban kowa.

Lokacin hunturu ƙura tana kwanciya a gilashin mota cikin mintuna, goge shi da ƙyalle tsakanin tsere da tsere, idanun gada ma haka. Wasu fawa bankin suna kashe kansu in abin da aka jona bai ja wuta sosai ba, gwada naka na awa guda tun a gida. In motar wani tana ɓacewa daidai lokacin da ya murɗa sitiyari da ƙarfi, sabo ce ke janye wutar risiba har ATtiny ya sake tashi, ƙara kafasita mai maikrofarad 220 a mashigar regileta.

Filin laka da motocin mai masu tsalle sun fi ƙarfin wannan tsari: gilashi yana toshewa, mota tana ratsa layi a karkace ƙwanta na kallon gefe. Masu irin wannan fili su nemi RCHourglass, aikin sa kai ne da aka saki kyauta a GitHub, dikoda ce mai wayar shimfiɗawa a ƙasa da aka gina a kan allon Cypress PSoC 5LP, tana kuma aiki da manhajar ZRound ta kyauta. Haɗa ta yana buƙatar hannun da ya saba da dalma fiye da wannan, da haƙurin daidaita wayar ƙasan, amma jadawalin tsere da dokar ƙarancin lokacin zagaye duk waɗanda ka riga ka saba da su ne.